Sarauniya uku ya sayar min, ko ɗaya ba ta yi amfani ba: ku yi hattara

Jama'a masu kiwon tururuwa, an cuce ni, kuma Allah ya isa tsakanina da mutumin nan da ya sayar min da sarauniyoyin tururuwa. Sau biyu na tura masa kuɗi. Sau biyu! Kuɗin da na yi wata huɗu ina tarawa.

Kafin wani ya ce ganganci na yi, shekarata biyu ina wannan harka. Sarauniyata ta farko da hannuna na kama ta bayan ruwa ya ɗauke, ta riga ta karya fuka-fukanta tana neman wurin ɓuya. Na sa ta a kwalbar gwaji, ruwa a ƙasa, auduga a tsakiya, auduga a baki, na rufe ta cikin duhu ban ba ta ko ɗigon abinci ba har ma'aikatan farko suka fito, don na san naman fiffikenta take narkarwa tana ciyar da tsutsotsinta. Ni ba sabon shiga ba ne.

Bidiyon da mutumin ya turo min ne ya kashe ni. Ya rubuta sunana a takarda, ya ajiye kusa da kwalabe uku, ya ce, "Ɗan'uwa, ga naka nan, Camponotus ne, irin manyan tururuwan nan, kowacce da ma'aikatanta goma, ni ma mai kiwo ne kamarka." Ni ma mai kiwo ne kamarka. Na kalli bidiyon nan ya fi sau ashirin. Sunana ne, da hannunsa ya rubuta. Waye zai ga haka ya yi zargi?

Sarauniya ta biyu ce ta fi ƙona min rai. A'a, bari in fara da ta farko. Da na buɗe kwalin na ga wata ƙatuwa mai babban kai, na yi murna. Sai da na sa madubin ƙara girma na ga ƙirjinta siriri ne, babu tabon fiffike ko ɗaya, babu ƙananan idanun nan uku na goshi. Babbar ma'aikaciya ce kawai, irin masu gadi, ya tsinto ya liƙa mata sarauta. Af, kafin nan ma, kwana biyu bayan biyan farko ya kira ni wai sai na ƙara kuɗin kwali na musamman don kada zafi ya kashe su a hanya. Na tura. Biya na biyu ke nan. Kwalin da ya iso kuwa tsohuwar jarida ce a cushe ciki.

Ta uku ba ta kwana ba. Ma'aikatan da ya zuba mata ba 'ya'yanta ba ne, daga wani gidan ya kwaso su, kuma tururuwa da ƙamshi take gane 'yar gida. Da safe na tarar sun cire mata ƙafa biyu, tana kwance a kan audugar.

Ta biyun, ita sarauniya ce ta gaske, har da tabo. Ma'aikata goman da ya zuba mata sun zo a mace, amma ta yi ƙwai, na ce to ko wannan ta tsira na rage asara. Mako takwas ina leƙa ta sau ɗaya a mako don kada in dame ta. Da suka fito, duka da fuka-fuki, ƙananan kai, maza zalla. Sarauniyar da ba a yi wa barbara ba ƙwanta namiji kaɗai yake bayarwa, ba za ta taɓa haifar ma'aikaciya ba. Wato daga cikin rami ya ɗauko ta kafin ta tashi a yi mata barbara, ya fizge mata fiffike. Mako takwas ina gadin banza.

Na tura masa hoto, ya ce wai ni na kasa kula da su. Washegari ya toshe lambata, ya canza suna. Hotunan hirarmu da shaidar biyan duka biyun suna nan, zan ɗora su da daddare in na huce, har da bidiyon mai sunana.

Kada ku biya sai kun ga ƙirjinta kusa-kusa, kun ga ma'aikata suna ciyar da ita baki da baki. In ya ce ku ƙara kuɗin kwali, ku kashe wayar. Ni dai har yanzu kwalbar mazan nan tana kan teburina, na rasa yadda zan yi da su.