Shirin hana shaye-shaye ga yaran Latino: na aji za ka saya, na gida, ko na asibiti?

Idan makaranta ko ƙungiya a Amurka ta damƙa maka kuɗi ta ce ka nemo shirin da zai kare yaran Latino, wato masu asali daga ƙasashen Latin Amurka, daga ƙwaya, masu talla za su yi maka caa. Kowa da ƙasidarsa mai sheƙi, kowa na cewa bincike ya tabbatar da nasa. Tambayar farko da nake yi musu ita ce, a kan waɗanne yara aka gwada shi? Shirye-shirye da yawa an tsara su ne don wasu yara dabam, daga baya aka juya takardun zuwa Sifaniyanci aka manna hoton iyali a bangon littafin. Irin wannan ba na ko tayawa.

Dalili kuwa yana cikin abin da masu bincike suka daɗe suna gani: 'yan Latino da aka haifa a Amurka sun fi waɗanda suka yi ƙaura da girmansu faɗawa cikin shaye-shaye. Yaro yana kama Turanci da halin gari cikin shekara biyu, uba yana nan inda yake. Na taɓa zama a ɗakin jira na wani asibiti a unguwar Bronx ta birnin New York, yarinya da ba ta wuce shekara 12 ba tana yi wa mahaifiyarta tafinta, har tana gaya mata inda za ta sa hannu. Uwar da 'yarta ke karanta mata wasiƙar makaranta, ta yaya za ta san an kori yarinyar daga aji? Wannan ramin da ke tsakanin iyaye da 'ya'ya shi ne ma'aunina.

Mafi sauƙin ɗauka shi ne keepin' it REAL, wanda Flavio Marsiglia na Jami'ar Jihar Arizona da Michael Hecht suka tsara. Darussa 10 ne, malamin aji ke koyarwa, ana nuna wa yaro hanyoyi huɗu na kuɓuta idan an miƙo masa giya ko wiwi: ya ƙi, ya faɗi dalilinsa, ya kauce wa wurin tun farko, ko ya tashi ya bar shi. An gwada shi a makarantu 35 a birnin Finiks na jihar Arizona, kuma nau'in da aka gina kan al'adun 'yan asalin Meksiko da wanda ya haɗa al'adu da yawa su suka fi tasiri. Yana kai wa ga yara da yawa lokaci guda. Amma iyaye suna waje, kuma yaron da ya riga ya yi nisa ba ya ma zuwa ajin.

Ni dai da kuɗina ne, Familias Unidas zan fara tayawa. Hilda Pantin ce ta ƙirƙiro shi a Jami'ar Mayami, Guillermo Prado ya jagoranci gwaje-gwaje da dama a kansa. Abin da ya burge ni shi ne iyaye ake koyarwa, su kuma su riƙe 'ya'yansu. Ana tara su rukuni-rukuni da yamma, da harshensu, su tattauna yadda za su san abokan yaro, yadda za su shiga makaranta su yi magana da malami ba tare da jin kunya ba, da yadda za su buɗe zancen ƙwaya da jima'i, abin da yawancinsu ba a taɓa yi musu ba. Sannan mai gudanarwa ya zauna da iyalin, uwa ko uba su gwada abin da suka koya a kan ɗansu a gabansa. Wahalarsa ita ce lokaci. Mai aikin gini ko mai shara a otal da ke aiki biyu ba ya samun yammar da zai ba ka, shi ya sa aka fitar da nau'in intanet mai bidiyo irin na wasan kwaikwayon da suke kallo a gida. Ka kuma sa kuɗin horar da masu gudanarwa a lissafinka, domin ba littafi ba ne da za ka miƙa wa kowa.

Idan yaro ya riga ya fara, maganar riga-kafi ta wuce. A nan Brief Strategic Family Therapy ke shigowa, wanda José Szapocznik ya faro a Mayami a shekarun 1970 tare da iyalan Kuba. Ƙwararre ne ke zama da gida gaba ɗaya na kimanin wata uku zuwa huɗu. A wani babban gwaji da aka buga a 2011, kan matasa 480 a cibiyoyi 8, ya fi kulawar da aka saba wajen jawo iyali da riƙe su har ƙarshe, amma bambancin raguwar shan ƙwayar bai kai yadda ake fata ba. Duk mai sayar maka da shi a matsayin sha-yanzu-magani-yanzu, ka riƙe aljihunka.

Wanda kuwa fentanil (ƙwaya mai ƙarfi dangin heroin) ko hodar heroin ta kama, zama da iyali kaɗai ba ya isa, sai magani, irin su metadon da bufrenofin. Metadon a asibitoci na musamman kawai ake bayarwa, sau da yawa sai an je kullum a farko. Bufrenofin likita na iya rubutawa a saya a kantin magani, kuma tun farkon 2023 an cire izini na musamman da ake buƙata kafin a rubuta shi. Bincike ya nuna 'yan Latino ba sa samun sa kamar yadda fararen fata ke samu, saboda haka ka tambayi cibiyar kai tsaye ko tana bayarwa, ko tana karɓar Medicaid (inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi), ko kuma mai ba da shawarar da kansa yana jin Sifaniyanci ko da tafinta ta waya ake aiki. Ka ware wani abu daga kuɗin don Narcan, feshin hanci mai farfaɗo da wanda ƙwaya ta sumar, wanda tun 2023 ake sayarwa ba tare da takardar likita ba.