Samfurin kifin Eusthenopteron da na saya wa ɗalibaina

Ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a Garwa, kuma na daɗe ina zana ƙasusuwan tsofaffin kifaye a allo ba tare da yara sun gamsu ba. Shi ya sa na yi odar samfurin roba na Eusthenopteron, kifin da aka haƙo burbushinsa a Miguasha ta ƙasar Kanada, wanda ya rayu kimanin shekara miliyan 380 da suka wuce. Sai da na jira wata biyu kafin ya iso ta Duwala.

Fiffikensa na gaba ne ya fara burge ni, domin ana cire murfinsa a ga ƙashi ɗaya mai kauri da ya haɗu da kafaɗa, biyu suna biye da shi, sannan ƙanana. Na sa kowane ɗalibi ya lalubi ƙashin damtsensa, ya gangaro kan ƙasusuwa biyun da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, sai ajin ya yi tsit. Washegari wata yarinya da mahaifinta ke su a kogin Binuwai ta shigo da gaiwa mai rai a bokiti, ta ce, "Malam, Baba ya ce wannan ma da huhu take numfashi, ko jikar wancan ce?" Muka ajiye su kusa da juna, yara suka ga fiffiken gaiwa siriri ne kamar igiya. Na bayyana musu cewa danginsu ɗaya, kuma a cikin kifayen da ke raye, masu huhu irinta ne suka fi kusanci da dabbobi masu ƙafa huɗu, har fiye da wani kifin teku mai suna silakan (coelacanth) da aka kama a gaɓar Afirka ta Kudu a 1938, amma reshenta ya rabu da na Eusthenopteron tun da wuri. A ranar ban yi nadamar ko sisin da na kashe ba.

Takaicin ya zo ne lokacin da na duba takardun jarrabawa, na tarar fiye da rabin ajin sun rubuta cewa kifin yana tafiya a tudu. Ban ga laifinsu ba, domin an manna samfurin a kan wani abu mai kama da taɓo, ya dogara da fiffikensa kamar mai rarrafe. Wannan tsohuwar fahimta ce da masana suka bari, tun da kifin ruwa ne zalla, ba shi da yatsu ba shi da wuya, saɓanin Tiktaalik, wani tsohon kifi da aka gano burbushinsa a 2004, wanda ke iya juya kansa. Ko gaɓar da ta raba ƙoƙon kan Eusthenopteron gida biyu, an shafe ta da fenti a jikin samfurin.

Na rubuta wa mai sayarwa dogon bayani, amsar da ya aiko ita ce jerin sauran kayansa. Da wuƙa na raba kifin da taɓon, na rataye shi da zare a tsakiyar aji, kuma a garin haka murfin fiffiken ya tsage, har yau ban sami gam ɗin da zai riƙe shi ba.