Zumuncin Najeriya da Nijar: teburin taro ko kasuwar fim?

Hanyar hukuma ta daɗe. Tun 1966 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta tara masana a Bamako don daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Amma har yau ɗan Kano 'ya'ya yake rubutawa, ɗan Damagaram kuma ƴaƴa. Harafi ɗaya tak ya gagara!

Hanyar kasuwa kuwa ba ta jiran sa hannun minista. Fim ya fito a Kano, kafin ka ce kwabo ana kallonsa a Maraɗi, ko rufe iyakar ƙasashen biyu a 2023 bai tare shi ba. Ni dai ita na fi ba gaskiya. Aibinta ɗaya, ba ta ajiya: tarihin baka sai cibiyoyin hukuma irin su CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihi ta Yamai, ke taskance shi.