Sharhi kan direban qla2xxx na Linux da yadda yake riƙe faifan da ke ƙarshen wayar faiba

Direban qla2xxx shi ne manhajar da Linux ke amfani da ita wajen sarrafa katunan QLogic, waɗanda ake sokawa a cikin saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, domin ta isa ga akwatin ajiyar faifai ta hanyar Fibre Channel, tsarin sadarwar da ke haɗa sabobi da ajiyar faifai, galibi a kan wayar faiba. Na daɗe ina aiki da shi a ɗakin kwamfutocin wata ma'aikata, a kan Red Hat Enterprise Linux 8 da ya fito a 2019, da katin QLE2692 mai ƙofa biyu, kuma hukuncina a kansa shi ne cewa abin dogaro ne ƙwarai idan waya ta yanke gaba ɗaya, amma yana bukatar idon mutum idan wayar ta kamu da ciwo ba ta mutu ba. Sunan QLogic yana nan a jikin katin, kodayake kamfanin Cavium ya sayi QLogic a 2016, sannan Marvell ya sayi Cavium a 2018. Babban abokin gasarsa shi ne direban lpfc na katunan Emulex, waɗanda yanzu suke hannun Broadcom, kuma yawancin abin da zan faɗa ya shafi su biyun, domin a kan shimfiɗa ɗaya suke zaune a cikin Linux.

Girka shi bai ɗauke ni lokaci ba, tunda yana cikin Linux tun asali, kuma da an kunna sabar yake gane katin. Abin da ke faruwa a daƙiƙun farko shi ya fi dacewa mai kula da saba ya fahimta. Kowace ƙofa tana da lambar shaida tata ta dindindin mai tsawon bit 64, wadda ake kira WWPN. Da haske ya kama a cikin wayar, katin zai gabatar da kansa ga suwic, wato na'urar da ke haɗa sabobi da akwatin ajiya, a ba shi adireshi mai bit 24, ya yi rajista a kundin sunayen da suwic ɗin ke riƙewa, sannan ya tambayi kundin ko da wa aka yarda ya yi magana. Suwic ba ya nuna masa kowa sai waɗanda aka haɗa su a shiyya ɗaya, akwatin ajiyar kuma ba ya buɗe masa sai yankunan faifai da aka rubuta da lambarsa, wato kason ajiyar da sabar za ta gani kamar faifai. Saboda haka idan faifai bai bayyana ba, galibi matsalar tana wajen shiyyar ko wajen izinin akwatin, kuma na ji daɗin yadda direban ke sauƙaƙa gano hakan: a cikin /sys/class/fc_host mutum zai karanta lambar ƙofar, da saurin da aka daidaita a kai, da ko ƙofar tana raye, ba tare da ya girka wata manhaja ta daban ba.

Batun sauri ba shi da doguwar magana. Ƙofar da ake kira mai gigabit 16 tana ɗaukar kusan megabait 1,600 a daƙiƙa ta kowace fuska, tana kuma sauka zuwa 8 ko 4 idan ta haɗu da tsohon suwic. A aikinmu na rumbun bayanai ban taɓa ganin wayar ta cika ba. Faifan da ke cikin akwatin su ne ke fara gajiya. Abin da ya fi tasiri shi ne yawan umarnin da direban ke yarda su jeru a kan yanki ɗaya a lokaci guda, wanda ake daidaitawa da ql2xmaxqdepth. Ɗaga shi yana amfanar saba ɗaya, amma idan sabobi da yawa suna raba ƙofar akwati ɗaya, sai akwatin ya fara mayar da amsar cewa layinsa ya cika, kowa ya shiga jira. Na bar shi yadda ya zo, kuma ban ga dalilin taɓa shi ba sai da awo a hannu.

Wanda bai saba ba zai yi mamakin ganin faifai ɗaya ya fito sau huɗu. Ƙofa biyu a katin, kowacce ta bi suwic nata, kowane suwic ya isa ga kawunan akwatin guda biyu, wato na'urorin da ke sarrafa shi, shi ke nan hanya huɗu, kuma direban yana miƙa wa Linux kowace hanya a matsayin faifai mai zaman kansa, sdb da sdc da sauransu. Yankuna 50 sun zama faifai 200 ke nan, kuma haruffan suna iya sauyawa duk lokacin da aka sake kunna sabar. Direban ba ya haɗe su. Aikin multipathd ne, wani shirin Linux da ke karanta lambar shaidar da kowane yanki ke ɗauke da ita, ya gane cewa huɗun nan abu ɗaya ne, ya fitar da suna ɗaya a ƙarƙashin /dev/mapper. Wanda ya taɓa aiki da Solaris, wani tsarin sarrafa kwamfuta irin Linux, zai tuna cewa a can direban ssd da MPxIO suna ɓoye hanyoyin, mutum ya ga faifai ɗaya kawai mai dogon suna. A nan na fi son tsarin Solaris, domin a Linux hanyoyin suna nan a fili, kuma babu abin da zai hana ma'aikaci mai gaggawa ya yi rubutu kai tsaye a kan sdc, ya rasa kariyar da aka kashe kuɗi domin ta. Amma wannan bayyanar tana da nata amfanin, tunda ana iya auna jinkirin kowace hanya ita kaɗai.

Inda direban ya fi burge ni shi ne lokacin da haske ya ɗauke. Kafin mu ɗora aiki na gaske a kan sabar, na riƙa zare waya ɗaya ana tsaka da rubutu domin in ga abin da zai faru. Direban ba ya gaggawar cewa faifan ya mutu. Da farko yana tsayar da ƙofar da ta ɓace, ya riƙe umarnin da ke kan hanya, sannan agogo biyu su fara tafiya. Na farko, fast_io_fail_tmo, multipathd kan sa shi a daƙiƙa 5. Idan ya cika haske bai dawo ba, sai a mayar da umarnin sama da alamar gazawa, multipathd ya sake tura su ta hanyar da ke raye. Na biyu, dev_loss_tmo, ya fi tsawo, kuma sai ya cika ake share faifan hanyar daga tsarin gaba ɗaya. Idan an mayar da wayar kafin nan, hanyar tana dawowa da sunanta na da, multipathd kuma, wanda ke leƙa hanyoyi a kai a kai, ya mayar da ita bakin aiki. A duk gwajin da na yi, rumbun bayanai ya ɗan tsaya na 'yan daƙiƙu ya ci gaba, kuma ba mu rasa ko layi ɗaya ba. Haka ya kasance kuma a ranar da wutar suwic ɗaya ta ɗauke wajen sauyawa zuwa janareta, masu amfani da manhajar ma'aikatar ba su ma san an yi ba.

Hikimar raba agogon gida biyu ita ce gazawa da sauri tana ceton aikin da ke gudana, share faifai da jinkiri kuma yana hana tsarin wahalar rushewa da sake gini a kan ƙiftawar haske. Akwai ƙa'ida ɗaya da ya kamata a sani: idan ba a sa agogon farko ba, Linux ba ya barin na biyu ya wuce daƙiƙa 600.

Tambaya mafi nauyi ita ce abin da za a yi idan hanyoyin huɗu duka suka ɗauke, kuma wannan hukunci ne da babu direban da zai yanke wa mutum. Saitin no_path_retry yana da fuska uku. Ana iya cewa a gaza nan take, wanda kan sa tsarin fayil ya koma na karatu kawai ko ya rufe kansa. Ana iya cewa a jira har abada, wanda ke kare bayanai amma yana barin ayyuka a daskare, ba sa jin umarnin kashewa, har kashe sabar ma ya gagara. Ana kuma iya ba da adadi: 12 sau daƙiƙa 5 na zagayen leƙe ya ba da minti ɗaya na jira kafin a haƙura. Ni adadi na zaɓa, wanda ya ɗan fi lokacin da akwatinmu ke ɗauka wajen miƙa aiki daga kai ɗaya zuwa ɗayan, domin rumbun bayanan da ke da mataimaki a wata saba gara ya faɗi a fili mataimakin ya karɓa, da ya tsaya shiru ana zaton yana aiki. Wanda ba shi da mataimaki yana iya ganin akasin haka, kuma yana da hujja.

Raunin da na gani yana wajen hanyar da ba ta mutu ba kuma ba ta da lafiya. An taɓa samun lokacin da wasu umarni suka riƙa ɗaukar rabin minti ba tare da wani dalili bayyananne ba, alhali multipathd yana nuna hanyoyi huɗu duka lafiya lau. Abin da ke faruwa shi ne, ƙunshin bayanai da ya lalace a hanya ana yar da shi ne kawai, umarnin ya zauna har wa'adinsa na daƙiƙa 30 ya cika, sannan a soke shi a sake aikawa, yayin da ƙaramin umarnin gwajin da multipathd ke turawa yake wucewa lafiya, hanyar ta ci gaba da karɓar aiki. Mai laifin ƙura ce a bakin wayar. Tsakiyar wayar faiba nau'in OM3 faɗinta maikiron 50 ne kacal, don haka ƙwayar ƙurar hunturu da ta shigo a jikin riga ta isa ta rage hasken. Direban ya san da matsalar, domin a cikin babban fayil na statistics ƙididdigar invalid_crc_count, ta ƙunshin bayanan da suka iso a lalace, tana ta hawa, sai dai bai ɗauki wani mataki a kai ba, kuma lambobin a tsarin ƙidaya na goma sha shida suke, ba a tsara su domin karatun gaggawa ba. Akwai saitunan marginal_path da ke iya janye irin wannan hanya daga aiki, amma a kashe suke zuwa, kuma daidaita su yana bukatar haƙuri. Tun daga lokacin na sa manhajar sa ido ta riƙa karanta ƙididdigar nan tare da ta suwic, muka kuma daina barin bakin waya ba murfi.

Kundin rahotonsa ma ba ya yi wa baƙo sauƙi. Saƙonnin gajeru ne, cike da lambobi, kuma idan an kunna ql2xextended_error_logging sai su yi yawan da neman abu ɗaya a ciki ke cin lokaci. Ƙara sabon yanki ko faɗaɗa tsoho shi ma ba ya faruwa da kansa: sai an sa a sake bincike, misali da rescan-scsi-bus.sh, kuma wajen faɗaɗawa sai an sabunta kowace hanya kafin a gaya wa multipathd. Cire yanki ya fi haɗari, domin dole a fara sauke shi daga multipathd, a share hanyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan a janye izinin daga akwatin. Idan aka juya jerin, faifan da babu su za su ci gaba da zama a tsarin suna tara umarni.

Ina ba da shawarar wannan direba ga ma'aikatar da ke da rumbun bayanan da ba ya jure tsayawa, kamar na banki ko asibiti ko jami'a, matuƙar za ta sayi suwic biyu masu wuta daban-daban, domin da suwic ɗaya rabin alherinsa ya tafi. Ƙaramin ofishi mai saba ɗaya ko biyu zai fi samun sauƙi da iSCSI, wato isa ga faifai a kan wayar sadarwar da ma'aikatansa suka riga suka sani. Wanda ya zaɓi faiba kuma, ya nemi saitin da mai ƙera akwatinsa ya wallafa domin Linux, ya kwatanta shi da abin da umarnin multipathd show config ya nuna, sannan ya zare waya da hannunsa ana tsaka da rubutu tun kafin bayanan mutane su hau kan faifan.