Vosotros ko ustedes: wanne mai koyon Sifaniyanci zai fara riƙewa?

A yawancin Sifaniya "ku" iri biyu ce. Abokai da yara vosotros ake ce musu, in duk mata ne vosotras, manya da baƙi kuwa ustedes. Vosotros na da nata sigar aikatau: habláis (kuna magana), coméis (kuna ci), vivís (kuna zaune). Ƙarin hadda ke nan, kuma sabon shiga a nan yakan yi tuntuɓe.

A Meziko da Kolambiya ustedes kaɗai ta wadatar, aikataunta kuma ɗaya ne da na ellos, wato "su": hablan, comen.

Ni dai, in ba Madrid ka nufa ba, fara da ustedes. Ko a can ma za a fahimce ka, sai dai abokai su ga girmamawar ta yi yawa.