Abin da na gani a ajin Montessori da 'yata take yi a Agege

Duk wanda ya bi hanyar Agege zuwa Ogba zai ga allunan makarantun yara birjik, kusan kowanne an liƙa masa Montessori. Babu mai hana kowa amfani da sunan, shi ya sa wasu makarantun sunan kawai suke da shi. Wadda muka sa 'yarmu mai shekara huɗu tana cikin masu bin tsarin da gaske. Ba zan faɗi sunanta ba, tunda ba talla aka biya ni na yi ba.

Maria Montessori, wadda ta ƙirƙiro wannan tsarin koyar da yara, likita ce 'yar Italiya. A 1907 ta buɗe ajinta na farko a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum, domin 'ya'yan talakawa da iyayensu ke fita nema su bar su a gida. Yau a Legas kuwa sai mai hali ke iya kai ɗansa, kuma mu ma kowane zango sai mun ji a jikinmu.

Abin da ya sa nake ganin kuɗin bai faɗi a banza ba shi ne zaman tare. A aji ɗaya ake haɗa 'yan shekara uku har zuwa shida. Ni a Kano na tashi, a gidan da yayye da ƙanne da 'ya'yan baffanni duk tsakar gida ɗaya muke, babba ya goya ƙarami, ƙarami ya koyi wanke hannu da gaisuwa a wurin babba ba tare da an zaunar da shi ba. A nan kuwa bene muke haya, ƙofa kullum a kulle, yarinya ba ta da abokin wasa sai wayata. Wannan gurbin ajin ya cike mata. Ranar da aka bar iyaye su zauna su kalla, na ga wani yaro Bayarabe ɗan shekara biyar yana nuna mata yadda ake tsiyaya ruwa daga ƙaramar buta zuwa kofi. Ruwan ya zube. Shi ya nuna mata inda tsumma yake, ita ta goge, malamar tana can gefe tana kallo ba ta ce uffan ba.

Kayan aikin ma da gangan aka sa kowanne guda ɗaya tak. Akwai hasumiyar katako mai ruwan hoda, tubala goma daga babba zuwa ƙarami, wadda 'yata take mutuwar so. In wani ya riga ta ɗauka, sai dai ta jira ya gama ya mayar da ita wurin ajiyarta, ko ta nemi wani abin. Kowane yaro yana shimfiɗa 'yar tabarmarsa a ƙasa ya yi aiki a kai, kuma ba a tsallaka ta wani, zagayawa ake yi. Mai son magana da malama alhali tana tare da wani yaro sai ya dafa kafaɗarta ya yi shiru har ta juyo. Yanzu haka take yi mini a gida in ina waya, maimakon jan zane da kuka. Kusan awa uku suke yi da safe a haka, babu ƙararrawa, kowa da abin da ya zaɓa.

In faɗa ya tashi, kuma yana tashi, malama takan durƙusa daidai tsayinsu ta sa kowa ya faɗi abin da aka yi masa. Babu bulala. Maigidana har yau bai gama yarda da wannan ba, yana cewa mu ai dorina ce ta gyara mu.

Inda muka samu saɓani shi ne gaisuwa. Suna koya wa yara su kalli babba ido cikin ido su miƙa masa hannu. Da kakarta ta zo daga Kano, yarinya ta tsaya ƙiƙam ta miƙa hannu. Hajiya ta dube ni ta ce, "Wannan kuma wace irin tarbiyya ce?" Na samu malamar na ce, "Anti, mu a wurinmu yarinya tsugunawa take yi ta sunkuyar da kai." Ba ta yi musu ba, don su ma Yarabawa 'yan matansu durƙusawa suke yi. Daga baya sai ta sa kowane yaro ya nuna wa ajin yadda ake gaishe da manya a gidansu. Na ji daɗin haka, amma da ban yi magana ba da shi ke nan.

Matsalar harshe kuwa tana nan. Turanci zalla ake yi a ajin, har ta fara ba ni amsa da shi in na yi mata Hausa, dole muka kafa dokar Hausa a gida. Islamiyyar yamma ma sai da ta sha wuya kafin ta saba, don wadda ta wuni tana zaɓar abin da za ta yi, zama a jere ana biya karatu da ƙarfi bai zo mata da sauƙi ba. Sannan babu aikin gida, babu na ɗaya babu na biyu a ƙarshen zango. Uwar da take son ganin jan biro a littafi kullum za ta ƙosa.

Mai niyyar sa ɗanta, kafin ki biya ko kwabo ki nemi a bar ki ki zauna a ajin da safe. Ki duba ko an cakuɗa manya da ƙanana, ko kayan suna ƙasa inda hannun yaro zai kai, ko yaran da kansu suke share wurin da suka ɓata. In kika tarar da bencina a jere suna fuskantar allo, malama tana faɗa suna amsawa, to makarantar yara ce irin ta kowa, kada ki biya mata kuɗin Montessori.