Jar akuya, doguwar Sahel ko tunkiya: wacce za a ɗaure a turke?

Da zarar uwargida ta kwashi adashe, ko maigida ya sayar da amfanin gona ya ga 'yar rara, shawarar da kowa ke kawowa ita ce a sayi dabba a ɗaure a bayan ɗaki. Shawarar ba ta da laifi. Akuya wata biyar take yi da ciki, wajen kwana 150 ke nan, kuma idan tana ƙoshi tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. Sai dai masu shawarar nan suke tsayawa. Ba sa faɗin wace iri, mai shekara nawa, daga hannun wa, a wane wata. Da ke nake, uwargida, tunda a gidajenmu awaki na mata ne. Maigida ma ya kasa kunne, don shi za a aika kasuwa.

Tun kafin a zo maganar iri, a fara lissafin ciki. Akuya mai nauyin kilo 25 tana cin kusan kilo guda na busasshen abinci kowace rana. A ƙasar Kano, Katsina ko Damagaram, daga ɗaukewar ruwa zuwa fitowar sabuwar ciyawa wata bakwai ne ko fiye. Awaki biyu a ɗaure za su ci sama da kilo 400 na harawa, ƙowa da dusa a wannan tsakanin, ban da 'ya'yansu. Da damina kuma, ko kina ƙauye, da an yi shuka mai unguwa zai sa a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa, sai yara su riƙa yo ciyawa. To, mai gonar wake ko gyaɗa wadda za ta jibge harawarta a kan soro daban take da wadda za ta riƙa sayen dami ɗaya-ɗaya da bazara, lokacin da harawa ta fi tsada. Abin da ke kan soronki shi zai zaɓa miki dabba.

Akuya ko tunkiya? Akuya ba ta da zaɓen abinci: ganyen bishiya, 'ya'yan gawo, ɓawon rogo da na dankali, ƙanzon tukunya, duk tana so. Tana yawan haifar tagwaye, tana jure wuya, kuma kuɗinta bai kai na tunkiya ba. Aibinta ɓarna. Za ta hau katanga, ta ture kwanon tsaki, ta cinye zogalen da kika yi wata uku kina ba ruwa, ta haɗa ki faɗa da maƙwabciya. Tunkiya tana da sanyin hali, inda aka ɗaure ta nan za a same ta, amma ta fi son ciyawar ƙasa, ta fi ci, kuma galibi ɗa guda take haifa. Abin da ke ɗaga ta shi ne ɗan nata: rago ba ya rasa mai saye, ga layya ga suna. A ganina, mai son garke ya yaɗu, wadda za ta riƙa kama ɗaya ta sayar in an koro yaro kuɗin makaranta, akuya ce tata. Mai son juya kuɗi cikin wata uku ko huɗu kuwa ba uwa take nema ba, ramammen rago mai lafiya da faɗin ƙashi za ta saya ta turke shi har Babbar Sallah. Idan wannan ne, Balami ya fi girma da ɗaukar ido a kasuwa, fari fat mai dogon kunne, sai Uda mai launi biyu, gaba baƙi ko ja, baya fari. Su biyun cin su da yawa. Ɗan 'Yankasa, farin nan mai baƙi a ido da baki, bai kai su jiki ba, amma ya fi sauƙin riƙo a ƙaramin gida, kuma ya fi dacewa da aljihun yawancin masu layya. Saniya kam a bar ta wa mai fili da makiyayi.

A cikin awaki, jar akuya ce ta gida. A Najeriya a ce mata jar Sakkwato, a Nijar a ce jar Maraɗi, dabbar ɗaya ce, iyaka ce kawai ta ratsa ƙasarta. Matsakaiciya ce, kilo 20 zuwa 30, gashinta gajere mai sheƙi, kunnuwa gajeru a miƙe, mace da namiji duk da ƙaho. Tana balaga da wuri, tagwaye a wurinta ba labari ba ne, wani lokaci har uku. Nononta wajen rabin lita ne a rana ko sama kaɗan, ya ishi 'ya'yanta, a ɗan rage wa yaran gida. Fatarta ce aka daɗe ana jemewa a Kano da Sakkwato, ayari ya ƙetara Sahara da ita, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. A Maraɗi har cibiya gwamnati ta kafa tun shekarun 1960 don kiyaye irin da yaɗa shi. Abin da ya fi amfanar mai ƙaramin gida dai shi ne ta saba da turke, ta saba da harawa da dusa, kuma duk kasuwar da aka kai ta an san darajarta. Ta ƙasar Kano mai launin ƙasa-ƙasa 'yar'uwarta ce, kada ki ƙi ta don launi.

Doguwar akuyar Sahel, wadda ake gangarowa da ita daga arewacin Nijar, Chadi da Borno, ita ce mai ruɗar sabon mai saye. Ga tsawo, ga dogon kunne, tsaye a kasuwa ta kere ja nesa ba kusa ba. Amma ƙafafun nan na tafiya ne. Dabbar daji ce da ta saba yini tana bin ƙaya a busasshiyar ƙasa, ba ta son ɗauri, ba ta son laima, kuma ta fi haifar ɗaya. A Gashuwa, Nguru ko Tawa, inda akwai sarari, ba ta da matsala. A tsakar gidan siminti a Zariya da ruwan Agusta, sai tari da zawo. Gajerar akuyar kudu kuma akasin haka take: ƙarama, mai yawan haihuwa, mai jure laima da cutar sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa. Bahaushen da ke zaune a Ibadan, Kumasi ko kudancin Kamaru ita ta fi masa kwanciyar hankali, ko da idonsa ya saba da ja.

Sai baƙin da suka cika Facebook da TikTok: Boer da Kalahari daga Afirka ta Kudu, da Saanen mai nono daga Suwizalan. Gaskiya ne bunsurun Boer yana iya haura kilo 100, Saanen kuma tana ba da lita biyu zuwa uku a rana. Abin da hoton bai nuna ba shi ne buhunan abinci, ɗaki mai iska da likitan da ke bayan dabbar. Kuɗin guda ɗaya zai sayi jajaye da dama, kuma ranar da ta kwanta, jarin gaba ɗaya ne ya kwanta. Ga kuma ruwa-biyu da ake sayarwa da sunan tsantsa, tunda babu takardar asali. Wanda ya ƙware, yana da garke, yana son ƙara wa 'ya'ya jiki, zai iya neman bunsuru ɗaya daga gonar da ya je ya gani da idonsa. Mai farawa da kuɗin adashe ba layinta ba ne.

Shekaru kuma a baki ake karanta su, kada a tsaya ga rantsuwar mai sayarwa. Akuya da tunkiya ba su da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa. Idan duk ƙanana ne masu kama ɗaya, na nono ne, ba ta cika shekara ba. Manya biyu a tsakiya, ta shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Manya huɗu, wajen shekara biyu. Shida, wajen uku. Takwas cif, ta kai huɗu. Idan sun fara cinyewa, sun yi giɓi ko suna girgiɗi, tsohuwa ce, ta mahauta ce. Budurwar akuya ta fi araha, amma za ki ciyar da ita watanni ba ki san ko mai haihuwa ce ba, ko mai nono ce, ko mai ƙin ɗanta. Tsohuwa ma da araha, kuma araha ba ta ado. Ni wadda nake zaɓa ita ce mai manyan haƙora biyu ko huɗu wadda ta yi haihuwa ɗaya, in so samu ne da ɗanta a gindinta. Kuɗinta ya fi, amma kin ga shaidar komai: ga ɗa, ga hantsa, ga yadda take tsaya masa ya sha. Bunsuru kuwa kada ki saya don awaki biyu. Guda ɗaya yana isar mata ashirin zuwa talatin, a nemi aro a unguwa. A dai guji barin ɗa yana hawa uwarsa ko 'yan'uwansa, abin da ke tsumburar da garke ke nan. Mazan da aka haifa a dandaƙe su da wuri su zama taure, sun fi ƙiba, ba wari.

A ina za a saya? Manyan kasuwanni irin Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Dambatta da Illela ranar Lahadi, suna da zaɓi, kuma nan ake sanin farashin gaskiya. Haɗarinsu shi ne dabbobi daga ko'ina sun cakuɗu, sun sha ruwa a kwatarniya ɗaya. Kuma ba kowa ke kawo ta kirki ba, wani wadda ta ƙi ɗaukar ciki ya kawo, wani wadda ta fara tari. Wasu har kanwa suke ba dabba ta ɗirki ruwa cikinta ya fito. Idan kasuwar ce, a bi ta hannun dillalin da aka sani, a biya shi la'adarsa da daɗin rai, a karɓi rasit, domin ranar da wani ya zo ya ce tasa ce aka sace, shi ne shaidarki. Saye a gidan da kika sani ya fi, ko da an ɗan ɗora: za ki ga uwarta, ki ji sau nawa ta haihu, ki san abin da take ci. Na waya, a turo hoto a tura kuɗi, cinikin biri a sama ne.

Ga abin da za ki gaya wa ɗan aikenki. Ya tsaya daga nesa tukuna, ya ga tana tuƙa, kanta a sama, ba ta ware gefe ta takure ba. Sannan ya matsa: hanci ba majina, ido ba kwantsa, baki ba gyambo, ƙarƙashin wutsiya a bushe. Majina da zawo da gyambon baki in suka haɗu, alamar annobar awaki da tumaki ce da ake kira PPR, wadda kan share turke cikin 'yan kwanaki, ko kyauta aka ba shi ya bari. Ya janye fatar ido ta ƙasa, in ja ce da jini, in fari ce tsutsar ciki ta shanye ta, musamman in ƙarƙashin haɓa ya kumbura. Ya shafa jiki don ƙazuwa da kaska, ya ɗaga kofato ya duba, ya taɓa hantsa ya ji laushi ba ƙullutu, kan nono biyu lafiyayyu. Akuyar birni da ta rame amma cikinta ya yi tulu, ya danna gefen hagu, in ya ji abu mai tauri ƙunshe, mai yiwuwa leda ce ta tara, kuma wannan sai an farka ciki.

Lokaci ma yana da nasa. Gab da Babbar Sallah komai ya hau, har akuya. Da bazara da farkon damina farashi kan sauka, saboda manoma na neman kuɗin taki kuma abincin dabba ya ƙare, sai dai a rame za ki same ta, ga tsutsar damina na jiranta. Mai farawa ta sayi harawa da kaka tana araha, ta gyara rumfa mai rufi da daɓe busasshe, sannan ta kawo dabbar.

Ranar da ta iso, kada a haɗa ta da na gida. A ɗaure ta gefe mako uku, kwanon ruwanta daban. A kira malamin dabbobi ya ba ta maganin tsutsa, ya yi mata rigakafin PPR. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar, kuma guda ɗaya tana kare dabba har shekara uku. A ajiye mata kanwa ko gishiri ta riƙa lasa. Kuma a hana yara ɗokin cika mata kwano da dusa ko hatsi ranar farko: cikin da ya saba da ciyawa in aka ɗura masa tsaba lokaci guda sai ya kumbura, har takan mutu a dare ɗaya. A fara da harawa da ruwa mai tsabta, dusar a riƙa ƙara ta kaɗan-kaɗan cikin mako biyu.